Ya sumar da abokin karawa, ya rasa zinare

Jama'a, na kasa manta wasan ƙarshe na karate a Olamfik ta Tokyo, ranar 7 ga Agusta 2021. Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1, sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran hauri a wuya, ya faɗi sumamme. Alƙalai suka soke Hamedi, don a ƙa'idar wasan taɓawa ake yi, ba a sakin ƙarfi duka. Sai da Ganjzadeh ya farfaɗo ya ji wai shi ke da zinare.

Mu da muka taso da kallon dambe, wannan ai kisa ne, sai kiɗa kawai. Amma ni ina bayan alƙalan, Hamedi ya san dokar kafin ya shiga fili. Saudiyya dai ta ba shi riyal miliyan 5, ladan mai zinare.