Kalmomin da Kakata Take Auna Tarbiyya da Su

A gidanmu na Zariya, kakata ba ta haɗa laifuka a kwando ɗaya. Yarinyar da ta mayar wa babba magana, tsiwa ta yi. Wadda ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari a gaban mutane, rashin kunya ne. In abin ya kai ga tsaurin ido a bainar jama'a, fitsara ce. Amsa da gatsali kuwa raini ne tsagwaronsa.

Da na girma na gane kowace kalma da tarihinta. Ladabi daga Larabci muka samo shi, ta hannun malaman zaure. Mutunci daga mutum ya fito, shi ya sa wanda aka ci wa mutunci yake jin kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ɗan iska tun asali yana tuna mana da iskokin bori, wato wanda ba shi da linzami. 'Yan banga kuma siyasar jam'iyyun NEPU da NPC ta shekarun 1950 ce ta haife su, sunan ma daga Turanci aka aro shi.

A 1974 wani masani mai suna Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki, ya sa kunya da ladabi da mutunci cikin ginshiƙansa. Kakata ba ta karanta shi ba, amma da su ta raine mu. Abin da ke damuna yau shi ne, yara da yawa sun san zagi, amma ba su san sunan laifin da suka yi ba.