Goma Sha Ɗaya A Fili, Huɗu A Benci: Tarihin Zaɓen 'Yan Wasan Kurket Na Nijeriya

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in kawo wani abu na tarihi, sai na zaɓi wasan kurket. Na san wasu za su ce me ya haɗa mutumin Sabuwa da wasan Turawa. Amsar ita ce, tsohon Lardin Katsina yana cikin wuraren da aka fara koya wa 'yan Arewa wannan wasa, kuma tarihin yadda ake zaɓen 'yan wasan ƙasa yana da darasin da ya shafe mu kai tsaye.

Bari in fara da bayanin yadda abin yake, domin waɗanda ba su taɓa kallo ba. Kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum 11, amma idan za a tafi gasar duniya mutum 15 ake rubutawa. A ƙwallon ƙafa, idan ɗan wasa ya gaji sai a fitar da shi a sa wani. A kurket ba haka ba ne. Wanda ya canji wani ba shi da iznin bugu da sanda ko jifa, iyakarsa tsaron fili, sai fa idan rauni aka ji a ka, wanda aka sassauta dokarsa a 2019. Sa'an nan kuma akwai iyaka ga masu jifa. A wasa mai zango 50, mutum ɗaya ba ya wuce zango 10, a mai zango 20 kuwa ba ya wuce 4, kowane zango kuma jifa shida ne. Ke nan dole ƙungiya ta sami aƙalla masu jifa biyar na kirki, ga mai tsaron bayan sanduna, ga masu bugu. Gwani ɗaya ko biyu ba sa ɗaukar ƙungiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A tarihi, wasan farko da aka yi tsakanin ƙasashe a wannan yanki namu shi ne wanda Ikko ta yi da Gwalkwas, wato Gana ta yau, a shekarar 1904. Ba a daɗe ba sai aka raba abin biyu, Turawa da ƙungiyarsu, baƙar fata da tasu, aka yi shekaru da dama launin fata ne ma'aunin farko na zaɓe kafin a duba ƙwarewa. Sai wajen tsakiyar shekarun 1950 aka koma ƙungiya guda.

A nan Arewa kuwa, makaranta ce ta kawo wasan. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta ɗauki wasanni da muhimmanci ƙwarai, kuma kurket da ƙwallon bango da ake kira fayif suna cikin abin da ɗalibai suka koya. Marigayi Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya buga duka biyun, ko da yake da fayif aka fi saninsa. Daga baya kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce ta zama Barewa. Abin lura a nan shi ne, ƙwallon dawaki ya kafu a Katsina domin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo sun riƙe shi hannu bibbiyu, fayif ma ya rayu domin tsofaffin ɗalibai sun gina masa ɗakuna sun ci gaba da bugawa. Kurket bai sami irin wannan gata a wajenmu ba, sai ya yi ta ja da baya har ya kusa zama labari, in ban da Kaduna da ta riƙe nata.

Saboda ƙarancin 'yan wasa, sai ƙasashe huɗu, wato Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, suka haɗu suka zama ƙungiyar Afirka ta Yamma, wadda ta shiga Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, a 1976. Wannan ƙungiya ta buga gasar share fagen cin kofin duniya a 1982 da 1994 da 1997. Mai karatu ya auna da kansa: ƙasa huɗu ake tsefewa kafin a cika ƙungiya ɗaya. Sai a 2002 Nijeriya ta zama mamba da sunanta.

Shekarar 2019 ta nuna mana fuska biyu ta al'amarin. A watan Maris, samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19, ƙarƙashin kyaftin Sylvester Okpe, suka je Windhuk ta Namibiya suka cinye duk wasanninsu, suka doke har da mai masauki da Kenya da Yuganda, suka sami gurbin cin kofin duniya karo na farko a tarihin ƙasar nan. A watan Oktoba kuma, manyan 'yan wasa suka sami shiga gasar share fage a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a gurbin Zimbabuwe wadda aka dakatar a lokacin. Wasa shida suka yi, aka cinye su duka shida. Gurbi yana iya faɗowa mutum daga sama, amma ƙwararrun da za su cika shi ba sa faɗowa.

Da samarin suka isa Afirka ta Kudu a watan Janairun 2020, sai aka haɗa su rukuni ɗaya da Ostareliya da Wes Indis da Ingila. Maki 61 suka samu a wasan farko, 57 a na biyu, 58 a na uku, kowane karo kuma an fitar da masu bugun duka. Ba rashin zuciya ba ne. Abin da ya faru shi ne, da zarar an fitar da mutum uku ko huɗu na farko, sai sauran su bi kamar an tsinke carbi, domin yaran ba su saba fuskantar jifa mai irin wannan gudu da murɗiya ba. Yaron Ostareliya kafin ya shiga cikin 15 sai ya ture ɗaruruwa a gasar makarantu da ta jihohi. Namu kuwa daga garuruwa ƙalilan aka tsamo su. Duk da haka ba su dawo hannu rabbana ba, sun doke Japan a wasan ƙarshe, suka zo na 15 cikin ƙasashe 16. Kuma daga cikin waɗannan yara ne Peter Aho ya fito, wanda a watan Oktoban 2021 ya fitar da 'yan Saliyo shida a kan maki 5 kacal a Ikko, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin.

'Yan matanmu ne suka nuna abin da shiri ke haifarwa. A ranar 20 ga Janairun 2025, a garin Kuching na Maleshiya, 'yan ƙasa da shekara 19 ƙarƙashin kyaftin Lucky Piety suka doke Niyu Zilan, ƙasar da ta yi suna a wannan wasa. Saboda ruwan sama an rage wasan zuwa zango 13, Nijeriya ta ci 65, abokan karawa suka tsaya a 63. Babu wadda ta ci maki mai yawa a ranar, kowa ce ta kawo nata, masu jifa da masu tsaron fili suka ƙarasa aikin. Daga nan suka wuce zagaye na gaba, suka kuma doke Ayalan da maki 6. Da yawa cikin waɗannan yara daga Jihar Edo suka fito, inda aka yi shekaru ana gudanar da gasar kurket tsakanin makarantu. Da ma masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, kwamitin zaɓe ba ya ƙirƙirar ɗan wasa, abin da makarantu suka aiko masa shi yake tankaɗewa. A wurin aikin gwamnati ma haka muke gani, ofishin da mutum ɗaya ne kaɗai ya iya aiki, ranar da ya kwanta ciwo sai komai ya tsaya. Jerin sunaye 15 da ake karantawa a Abuja, tun shekara biyar ko shida kafin nan aka fara rubuta shi a filayen makarantun sakandare.

To, ina yaran Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara a cikin wannan jeri? Ba na mance halin da yankinmu ya shiga. Tun daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye da malamai suka koma tunanin tsira da rai kafin tunanin wasa, kuma babu mai ganin laifinsu. Amma yaron da ya tashi cikin fargaba ya fi kowa bukatar fili da abokai da malamin da zai ce masa ka iya. Kuma duk wanda ya ga yaron ƙauyenmu yana jifan tsuntsu a gonar dawa, ko yana dambe da langa a dandali, ya san hannu da ido da ƙarfi ba su ne muka rasa ba.

Shawarata ga ƙungiyarmu ba mai tsada ba ce. A taronmu na gaba mu ware wani abu domin sayen sanduna da ƙwallaye da tabarmar da ake shimfiɗawa a tsakiyar fili, mu nemi Hukumar Kurket ta Nijeriya ta horar mana da malamin wasanni ko da ɗaya ne, a fara da gasa tsakanin azuzuwa, maza da mata. Wataƙila ba za mu ga ɗanmu cikin 11 na farko nan kusa ba, amma ko a benci aka fara ganin sunan Sabuwa, an kama hanya.