Bashin da mutanen gari ke bin asibitocin Amurka

Yau Amurka za mu leƙa, kan wata magana da aka fi shekara sittin ana ja-in-ja a kanta. Asibitin da gwamnati ta yafe wa haraji, da me zai saka wa mutanen gari?

A can, fiye da rabin asibitocin da jama'a ke zuwa ba na gwamnati ba ne, ba kuma na 'yan kasuwa ba. Na coci-coci ne da jami'o'i da ƙungiyoyin sa kai, sun kusa 3,000. Ba sa biyan harajin kuɗin shiga, yawancinsu ko na fili ba sa biya. Cibiyar bincike ta KFF ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai wannan rangwame ya kai dala biliyan 28.

A 1956 hukumar haraji ta ƙasar, IRS, ta gindaya sharaɗi mai sauƙin fahimta: in kana son yafiya, ka duba marar hali kyauta gwargwadon ƙarfinka. Sai 1965 ta zo, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Medicare na tsofaffi da Medicaid na talakawa. Asibitoci suka ce to ai shi ke nan, gwamnati ta ɗauke nauyin marasa hali. A 1969 hukumar ta sassauta, ta ce ya wadatar asibiti ya nuna yana amfanar al'umma. Ita kuwa wannan kalma kamar roba take, kowa na ja ta kai inda yake so. Shekara arba'in ana tafiya a haka.

Abin ya zo wuya a Maris 2010. Kotun ƙolin jihar Ilinoi ta amince a ƙwace yafiyar harajin fili daga asibitin Provena Covenant da ke Urbana, bayan an gano cewa a 2002 jinyar kyautar da ya yi ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ya samu ba. A wannan watan, ranar 23, Obama ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da Obamacare. A cikinta akwai wani sashe da Sanata Chuck Grassley na jihar Ayowa ya daɗe yana fafutuka a kai. Abin dariya, shi kansa bai jefa wa dokar ƙuri'a ba.

Sashen ya ce duk shekara uku asibiti ya binciki abin da ke damun lafiyar mutanen yankinsa, ya wallafa, ya tsara abin da zai yi. Wanda ya ƙi, tarar dala 50,000. A Disamba 2014 aka ƙara fayyacewa cewa dole ya nemi ra'ayin aƙalla sashen kiwon lafiya ɗaya na gwamnati, da na masu ƙaramin ƙarfi.

Nan ne labarin ya yi daɗi. Sassan lafiya na ƙananan hukumomi su ke riƙe da alƙaluma: me ke kashe mutane, wace unguwa yara ke da dalma a jini, ina tarin fuka ya ɓulla. Amma aljihunsu ba nauyi. Asibiti kuwa yana da kuɗi, sai dai wanda ya shigo ƙofarsa kawai ya sani. Kowa na buƙatar ɗan'uwansa ke nan.

Sai kalanda ta shiga tsakani. Tun 2011 hukumar da ke tantance sassan lafiya take neman su yi irin wannan bincike, amma duk shekara biyar. Ku lissafa, mai uku da mai biyar in sun tashi tare, sai bayan shekara goma sha biyar za su sake haɗuwa. Gari ɗaya, mutane ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, ana biyan kuɗin bincike sau biyu. Ga kuma batun iyaka. Sashen lafiya iyakar ƙaramar hukumarsa ce ta ɗaure shi, asibiti kuwa shi ke shata yankin da yake kira al'ummarsa.

Wasu jihohi ba su jira Washintan ba. Niyok a 2013 ta nemi ɓangarorin biyu su zauna tare su zaɓi matsaloli biyu da za su tunkara. Ohayo ta fi kowa yanke magana, a 2016 ta yi doka cewa daga 2020 kowa ya koma zagayen shekara uku.

A ganina gyaran ya tsaya a rabin hanya. Dokar tarayya ba ta faɗi ko nawa asibiti zai kashe ba. Yana iya rubuta cewa babbar matsalar garin ita ce rashin muhalli ko shaye-shaye, sannan ya ƙara layi guda ya ce ba zai taɓa ta ba saboda kaza, kuma a wurin hukumar haraji ya cika sharaɗi.