Zangon Matasanmu a Tafkin Pidong

A cikin shekara hamsin na ikilisiyarmu akwai wata tafiya da ta kusa raba kan dattawa, shi ya sa muka ba ta wannan shafi.

Mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram mun saba da duwatsu. Kowane yaro ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da zanen shanun da mutanen dā suka bari a jikinsu. Amma tafki a bisa dutse, wannan kam ba mu taɓa gani ba. Don haka da shugabannin Zumuntar Matasa suka kawo shawarar a kai yara zango Tafkin Pidong, a Ampang ta Yamma cikin ƙasar Mangu, Jihar Filato, matasa suka yi ta murna.

Iyaye kuwa suka ce sam. Ba mu ga laifinsu ba, gama ba a daɗe da jin labarin Tafkin Nyos na ƙasar Kamaru a rediyo ba. A daren 21 ga Agusta, 1986, iskar gas da ta taru a gindin wannan tafki, mai zurfin fiye da mita 200, ta ɓalle. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta shiga ƙauyuka, ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500. Pidong kuma, kamar Nyos, ruwa ne da ya cika bakin tsohon dutse mai aman wuta.

Dattawa suka zauna bayan sujada har Lahadi uku, ba a daidaita ba. Daga bisani wata uwa daga Zumuntar Mata ta faɗa wa Baba Fasto cewa in dai da 'ya'yansu za a tafi, to, da su ma za a tafi. Aka yarda bisa sharaɗi biyu: ba mai kwana a kwari, ba kuma mai sa ƙafa cikin ruwan.

Muka tashi da babbar mota ta Ningi da Bauchi zuwa Jos. Lokacin muna cikin Jihar Kano ne, don sai 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Sanyin Filato ya ba mu kashi. 'Yan'uwa Mwaghavul, waɗanda bishara ta iso ƙasarsu ta Panyam tun 1907, su suka ara mana barguna, suka ciyar da mu da acca da dankalin Turawa.

Da safe muka hau. Ga ruwa can ƙasa, shiru, gangara ta kewaye shi. Yaran da suka yi ta cika baki a mota duk suka yi tsit, sai da iyaye mata suka ɗauko waƙa.

Amma abin da yaran suka fi ba da labari da muka dawo shi ne ranar Lahadi, da suka ga gari guda ya fito zuwa sujada. A gida ba mu cika benci goma ba a lokacin. Biyu daga cikin yaran nan yau dattawa ne a wannan ikilisiya.