Kiwon tururuwa: Abin da ƙaramin gida ke buƙata kafin ya bunƙasa

Hausawa kan ce idan tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Karin maganar ya dace da mazan tururuwa, domin suna mutuwa jim kaɗan bayan tashin barbara. Macen kuwa daga nan rayuwarta ke farawa: takan sauko ƙasa, ta karya fikafikanta, ta haƙa ɗan rami ta rufe kanta a ciki. Ita ce sarauniya, kuma daga jikinta kaɗai dubban ma'aikatan gidan za su fito.

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin Jihar Kaduna, manoma sun san tururuwa da layin da take ja tana jidar hatsi zuwa raminta. Wannan nau'in mai tara iri, wanda masana ke kira Messor, yana cikin waɗanda ake kiwo a cikin gilashi a Turai da Asiya don nishaɗi da koyar da yara. Kasuwarsa ta kai ga a watan Mayun 2025 wata kotu a Kenya ta ci tarar wasu matasa biyu 'yan Beljiyam kimanin dala 7,700 kowannensu, bayan an kama su da sarauniyoyi wajen 5,000 da suke shirin fita da su daga ƙasar.

Yadda gida ke farawa

Tashin barbara yakan zo ne bayan saukar ruwan sama. Sai dai galibin abin da ke taruwa a jikin fitila a farkon damina shinge ne, wato gara mai fiffike. Ana gane tururuwa da siririn ƙugu da lanƙwasassun gashin kai, shinge kuwa jikinsa a miƙe yake, kuma fikafikansa huɗu tsawonsu ɗaya.

Sarauniyar da ta rufe kanta ba ta fita neman abinci. Da kitsen jikinta da naman da ke motsa fikafikan da ta yar take ciyar da 'ya'yan fari. Ƙwai yakan zama tsutsa, tsutsa ta kwanta ta sauya kama, sannan ma'aikaciya ta fito, kuma wannan kan ɗauki kusan wata ɗaya zuwa biyu gwargwadon ɗumin wurin. Ma'aikatan farko ƙanana ne kuma ba su da yawa. A wannan mataki ne akasarin gidaje ke mutuwa.

Abubuwan da ke tauye shi

Na farko shi ne faɗin wuri. Ma'aikata goma ba za su iya tsaftace babban akwati ba, sai shara ta taru, funfuna ta kama. Masu kiwo kan yi amfani da siririyar kwalbar gwaji: a zuba ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku, a danne shi da auduga, a sa sarauniya, sannan a toshe bakin da wata audugar. Ba a sauya mata mazauni sai ma'aikata sun cika wurin.

Na biyu shi ne yawan dubawa. Haske da girgiza suna firgita sarauniya har ta daina ƙwai ko ta cinye waɗanda ta yi. A naɗe kwalbar da takarda mai duhu, a ajiye ta nesa da janareto da rediyo, a riƙa leƙawa sau ɗaya a mako.

Na uku shi ne yanayi. Iskar hunturu tana busar da audugar da sauri, sanyin dare kuma yana jinkirta girman tsutsa. A bazara kuwa, rana ɗaya a bakin taga ko ƙarƙashin rufin kwano ta isa ta hallaka gidan. Ɗumin da ya kai digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas ya wadatar.

Na huɗu, wanda ya fi shafar gidajen birni, shi ne guba. Feshin maganin sauro da hayaƙinsa suna kashe tururuwa, haka ma hatsin kasuwa da aka zuba wa maganin ajiya.

Abinci

Manyan ma'aikata suna samun ƙarfi daga zaƙi, tsutsa kuwa sai da abinci mai gina jiki take girma. Ɗigo ɗaya na ruwan mazarƙwaila ko na rake, waɗanda ba su da wuyar samu a ƙasar Makarfi, ya isa idan aka jiƙa shi a auduga don kada su nutse. Ga tururuwar hatsi, gero da riɗi da acca marasa magani su ne ginshiƙi. Takan tauna su har su zama kamar ƙulli ta ciyar da tsutsa. Sai a ƙara da ɗan guntun fara ko ƙuda sau ɗaya ko biyu a mako, a kwashe ragowar washegari. Wajibi ne ma'ajiyar hatsin ta kasance a bushe, in ba haka ba zai tsiro ko ya ruɓe.

Idan sarauniya ta mutu, gidan ya ƙare ke nan, domin ma'aikata ba sa iya haifar wasu ma'aikatan, kuma yawanci sukan kashe baƙuwar sarauniya idan an kawo musu. Idan kuwa tana raye, lokaci yana tare da ita. Masanin Ingila John Lubbock ya riƙe wata sarauniya daga 1874 zuwa 1888, kuma akwai wadda aka rubuta ta haura shekara 28 a hannun wani mai kiwo a Jamus. Saboda haka gidan da ke da ma'aikata 20 kacal bayan wata shida bai gaza ba. Muddin ana ganin tarin ƙwai da tsutsa a gefen sarauniya, abin da ya rage wa mai kiwo shi ne ya tabbatar audugar na da danshi, ya mayar da takardar, ya jira damina ta gaba.