Warin Jiragen Kwara: Yadda Aka Bar Jaki Aka Daki Taiki

Bahaushe bai haɗa wari duka a suna ɗaya ba. Akwai ɗoyin mushe, akwai ƙarnin kifi, akwai zarnin fitsari, akwai hamamin bunsuru, akwai ƙaurin abin da ya ƙone. Kowanne da saƙon da yake isar wa hanci, kuma yawanci saƙon gaskiya ne: ka nisanci wurin nan. Amma akwai lokacin da manyan likitocin Ingila suka ɗora wa hanci aikin da ya fi ƙarfinsa, suka ce wari shi ne cutar da kanta. A kan kogin Kwara aka gwada wannan ra'ayi, kuma da rayukan mutane aka biya kuɗin gwajin.

Mutumin Garu ko na cikin garin Illela zai iya cewa ina ruwansa da jiragen ruwa, shi da ke bakin iyaka yana hangen Birnin Ƙonni. To ai daga ƙasar Sakkwato zaren labarin ya faro. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana tambayar inda Kwara ta dosa. Ya sake dawowa, ciwo ya kama shi, ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827. Yaronsa, Richard Lander, shi ya tsira ya koma gida. A 1830 Lander da ƙanensa John suka bi kogin cikin kwalekwale daga yankin Busa har teku, suka tabbatar wa Turai cewa jirgi zai iya shigowa ta bakin teku ya hauro cikin ƙasa.

Wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya yi wuf ya kama wannan dama. A 1832 ya taso daga Liverpool da jirage biyu masu aiki da tururi, Lander na yi musu jagora. Ɗaya na katako ne, sunansa Quorra, wato Kwara. Ɗayan ƙarami ne na ƙarfe, aka sa masa Alburkah, kalmarmu ce ta albarka a bakin Bature.

Don a gane irin warin da ke cikin waɗannan jirage, sai a san yadda jirgin katako yake. Kullum yana ɗan yoyo. Ruwan kan taru a can ƙasan cikinsa, inda rana ba ta kaiwa, ya haɗu da tsakin abinci, da maiƙon inji, da kashin ɓera. Zafin tukunyar tururi da zafin ƙasarmu su dafa shi. Idan ruwa ya ruɓe a wurin da iska ba ta ratsawa, yakan fitar da wata iska mai warin baragurbi, wadda har baƙanta fenti take yi.

Haka ta faru a cikin Quorra. Laird ya ba da labari a littafin tafiyarsu cewa sun daɗe suna shan azabar wani ɗoyi ba su san mafarinsa ba. Da aka tone kayan da ke cikin jirgin sai aka tarar buhunan koko ne, irin wanda ake yin cakulan da shi, suka ruɓe, kokon ya zube cikin wancan ruwa ya lalace. A daidai wannan tsakani zazzaɓi ya faɗa wa matuƙan. Cikin Turawa 48 da suka yi tafiyar, tara kacal suka rayu. Shi kansa Lander raunin harsashi ne ya yi ajalinsa a 1834, amma mafi yawansu zazzaɓi ne ya kwashe su.

Ga wari, ga mutuwa, sun zo tare. Ga mutanen wancan zamani magana ta ƙare, domin dama abin da aka koya musu ke nan. Sunan cutar ma a harshen Italiya, maleriya, ma'anarsa mummunar iska. Sun yi imani cewa tururin da ke tashi daga fadama da ruɓaɓɓen ganye shi ke shiga jiki ya zama zazzaɓi.

Shi ya sa da gwamnatin Ingila ta shirya babbar tafiya a 1841, da niyyar ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakunan bakin kogi, sai aka ɗaura ɗamarar yaƙi da wari. Wani malamin kimiyya a Landan, John Frederic Daniell, ya auna ruwan da aka ɗebo cikin kwalabe daga gaɓar Afirka ta Yamma, ya sami wannan iska mai warin baragurbi, ya ce ga abin zargi. Aka kira David Boswell Reid, wanda ya tsara hanyoyin shigar iska a majalisar dokokin Ingila. Ya sanya wa jiragen uku, Albert da Wilberforce da Soudan, bututai da fankoki, da wani babban akwati da iska za ta ratsa a tace ta, a wanke ta da sinadarin kulorin kafin ta isa inda mutane ke kwana. Jiragen duka na ƙarfe ne, ba su da yoyon katako. A cikin matafiyan akwai Samuel Ajayi Crowther da James Frederick Schön, wanda daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa.

Sun shiga kogin a watan Agusta, tsakiyar damina. A farkon Satumba, wajejen Idah, zazzaɓi ya fara kayar da su. Kafin watan ya ƙare Soudan da Wilberforce sun juya teku maƙare da majinyata. Albert ya daure har Egga a ƙasar Nufe, sannan shi ma ya juyo. A hanyar komowa injiniyoyi sun kwanta, sai wani masanin duwatsu, William Stanger, ya riƙa tuƙa injin yana duba littafi, likitan jirgin kuwa, James McWilliam, ya karɓi jagorancin tuƙi. Cikin Turawa kusan 150, sama da 40 suka mutu. Ma'aikata baƙaƙen fata da ke cikin jiragen, masu shaƙar iska ɗaya da su, kaɗan ne suka kamu, zazzaɓin kuma bai kashe su ba, domin yawancinsu sun tashi a inda cutar take, jikinsu ya saba faɗa da ita. McWilliam ya auna ruwan kogin a inda yake gudana bai sami iskar da Daniell ya zarga ba. A cikin kwalba ruwan ya ruɓe, a kan hanyarsa ta zuwa Landan.

An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke kisan ba shi da wari ko kaɗan, da dare yake zuwa da ɗan kukansa a kunne.

Hujjar ta fito fili a 1854. Laird ya sake aiko da jirgi, Pleiad, jagorancinsa ya faɗa hannun wani likita, William Balfour Baikie. Shi bai san sauro ne ke kawo cutar ba, amma ya sa Turawan jirgin su riƙa shan kwinin kullum, tun kafin ciwo ya zo. Suka hau Kwara, suka shiga Binuwai nesa fiye da inda wani jirgi ya taɓa kaiwa, suka yi kusan wata huɗu a kogi, suka fito ba wanda ya mutu. Fadamun suna nan da warinsu. Abin da ya sauya shi ne maganin da ke cikin jininsu. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Wannan nasara tana da ɗacinta a gare mu: kwinin da jirgin tururi su suka buɗe ƙofar Lakwaja ga kamfanonin Turawa, daga nan sojojin Lugard suka hauro har suka ci Sakkwato a 1903.

Yau Bahaushe na kiran cutar da sunan da ya dace da ita, zazzaɓin cizon sauro. Duk da haka kuskuren Reid bai bar mu ba. Idan damina ta sauka, hankalinmu kan tafi ga kwata mai ɗoyi. Kwashe ta wajibi ne, don ƙazanta na kawo amai da gudawa, kuma akwai irin sauron da ke hayayyafa a cikinta. Sai dai sauron maleriya ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka: ruwan sama da ya kwanta a sawun shanu, da kududdufin da aka haƙa don yin tubali, da gefen fadama irin ta Kalmalo. Waɗannan ba sa damun hancin kowa, shi ya sa ake wuce su. Najeriya kuwa ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka fi mutuwa.

Ita ma iskar baragurbin tana da nata makircin. Idan kaɗan ce, hanci na jin ta ya gudu. Idan ta yi yawa, kamar a cikin tsohuwar shadda ko rufaffiyar rijiya, sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mai haƙa ya zaci ta wuce, alhali lokacin ne take iya sumar da shi.

Darasin Baikie shi ne wanda ake aiki da shi yanzu a ƙasashen Sahel. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa ƙananan yara maganin rigakafin maleriya wata-wata a lokacin damina, kafin ciwon ya zo. Uwar da ta karɓa ta ba ɗanta har ya cika kwanakinsa, ta kuma kwantar da shi cikin gidan sauro, ta yi abin da injin Reid da duk fankokinsa suka kasa yi wa jirage uku.