Tafawa Ɓalewa: Yadda Sunan Gari Ya Zama Sunan Zuri'a

Duk wanda ya zaga birnin Bauchi zai yi ta karo da suna guda: a jami'a, a filin wasa, da kuma hubbaren da aka binne Firayim Ministan Nijeriya na farko, Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan kisan Janairun 1966. Sai dai Tafawa Ɓalewa asalinsa sunan gari ne a kudancin Bauchi, kuma masana na danganta shi da kalmomin Fulatanci biyu masu nufin dutse da baƙi. Mahaifin Abubakar kuwa Yakubu Ɗan Zala ne. To yaya aka yi sunan gari ya hau kujerar sunan uba?

A ganina, amsar tana cikin rajistar makarantar boko. Bahaushe yana da sunan yanka, da laƙabi, da sarauta idan ya samu. Idan ana son bambancewa sai a ce wane ɗan wane. Sunan da zuri'a za ta riƙa gada ba ya cikin tsarinsa. Baturen da ya ci Bauchi a 1902 kuwa ya zo da takarda mai gurbi biyu, kuma dole a cike na biyun. A Kwalejin Katsina, inda Abubakar ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ɗalibai sun fito daga larduna daban-daban, ga Abubakar da Muhammadu birjik. Garin yaro shi ne alama mafi sauƙi. Akwai kuma alkunya: da wuya ɗa mai tarbiyya ya so a riƙa kiran sunan mahaifinsa gatsau kowace safiya. Haka aka samu Aminu Kano, da Isa Kaita, da Sa'adu Zungur na nan Bauchi. Sardauna ma Ahmadu Raba ne kafin ya koma ga sunan kakan mahaifinsa, Bello.

Ingila kanta ta bi wannan hanya bayan mamayar Normandawa a 1066, inda sunayen ƙauyuka irin su Washington suka zama na iyalai. Can abin ya ɗauki ƙarnoni, a nan kuwa tsakanin uba da ɗa aka gama.

Abin dariya, jaridun waje sun gutsure sunan suna cewa Balewa kawai, wato suka jefar da dutsen suka riƙe baƙin. Mutanen Bauchi har gobe cikakkensa suke faɗa.